Shafi na Biyu da Ba a Raba wa Mata Ba

Zuwa ga Mama Shugaba,
Ƙungiyar Masu Kitso da Gyaran Gashi ta yankinmu,
Kafanchan.

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da Baba da yara da jikoki, da dukan matan ƙungiya tun daga cikin gari har Manchok da Gidan Waya. Yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara ƙarfi.

Ni ne Danladi, mai haɗa jel ɗin gashin nan da ake kira Mai Tsani. Ke kin san ni, amma tunda wasiƙar a buɗe take dole in faɗi sunana saboda waɗanda ba su san ni ba. Ban so abin ya kai ga rubutu ba. Sau uku ina zuwa gidanki. Na farko aka ce kin tafi jana'iza Kagoro. Na biyu aka ce kina hutawa. Na uku aka ce kin fita, ga kuma takalmanki a bakin ƙofa da muryarki a ciki. Ban yi fushi ba, Mama, na dai gane.

A watan Disamba kin aika saƙon murya a zauren wasap na ƙungiya. A ciki kin ce Danladi yana narka roba yana zubawa a jel, robar ce ta ƙone goshin Malama Saratu, kuma duk mai salun da aka ga Mai Tsani a kan teburinta za a cire ta daga ƙungiya. Saƙon bai kai minti biyu ba. Kafin Lahadi ya shiga wayar kowa, har ƙanwata da ke Sabon Tasha a Kaduna ta turo mini shi tana tambaya ko ni ne. Yau wata biyar ke nan. Ga abin da na so in faɗa miki a falonki.

Na ɗaya: wanda kika yi maganarsa.

Ubana leburan reluwe ne, bai bar mini ko bulo ɗaya ba. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Shekara shida na yi ina fenti a Kaduna, ina yawo da tsani a kafaɗa, shi ya sa na sa hoton tsani a jikin robar jel ɗina, don kada in manta inda na fito. A wurin fenti na fara gane cewa kauri ba ya zuwa haka kawai, akwai abin da ke kawo shi. Daga nan na manne wa wani mai sayar da kemikal a Sabon Tasha, ina ɗaukar masa kaya ina tambaya, yana korata ina dawowa, har na iya. Babu gwamnatin da ta ba ni jari, babu ɗan siyasar da ya saya mini bokiti. Na dawo gida da sikeli ɗaya da bokiti biyu.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a. Tara daga ciki ke kanki da jel ɗina kike kwantar wa amare gashi. Kin taɓa ce mini a gaban mutane jel ɗina ba ya yin fari-fari a kai kamar na kanti. A cikin shekarun nan tara, kan wa ya ƙone a salun ɗinki? Ina so ki amsa wa kanki wannan, ba sai kin amsa mini ba.

Na biyu: garin da kika kira roba.

Sunansa kaboma. Farin gari ne marar nauyi, ya fi garin rogo laushi, in ka buɗe buhu da ƙarfi sai ya tashi sama. Aikinsa ɗaya ne tak: ya sha ruwa ya kumbura, ya mai da ruwa jel. Ni giram bakwai nake sawa a lita ɗaya. Wato in kin ɗauki robar Mai Tsani, kusan duk abin da ke ciki ruwa ne mai tsabta da gilisirin da ɗan abin riƙe gashi da ƙamshi da maganin hana lalacewa. Kabomar da ke ciki ba za ta cika ƙaramin cokali ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba. A masana'anta ake yin ta, ba a gona ba, kuma asalinta daga dangin man fetur ne. To basilin da muke shafa wa jarirai fa, daga ina ya fito? Ba leda aka narka ba, ba tsohon bokiti ba ne. Ita ce ke cikin jel ɗin wanke hannu da aka riƙa ajiyewa a ƙofar kowace majami'a lokacin annoba, kin shafa, na shafa, Fasto ya shafa. Tana cikin man shafawa masu tsada da 'ya'yanmu ke sayowa daga Abuja. Har a wasu magungunan bushewar ido akan sa ta, ki tambayi kowane mai kemis ya karanta miki jikin kwalin. A iya abin da na koya, ƙwayoyinta manya ne, a saman fata take zama, ba ta ratsawa cikin jiki, ruwa ya wanke ta.

Tana da nata sharri, kuma na san shi fiye da duk wanda ya tura saƙonki gaba. Ƙurarta tana shiga hanci da ido, dole mai haɗawa ya rufe fuska. Akwai tsohon nau'inta da ake yi da wani sinadari marar kyau, shi ya sa ba na karɓar buhu sai da takardarsa, kuma takardun suna nan a fayil, babu wanda ya zo dubawa. Na kuma ji masana suna gardama a kan ko tana ruɓewa da wuri in ta bi ruwa ta tafi rafi. Wannan ya fi ƙarfin karatuna. Ana iya samun mai fatar da ba ta son ta, kamar yadda ake samun wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba. Amma ta ci fata ta zubar da gashi? Shekara goma sha ɗaya hannuna yana cikinta. Ki zo ki duba hannun.

Abu biyu ne dole mai aiki da ita ya sani. In aka jiƙa ta tsami take yi, ba ta kauri sai an ɗiga mata ruwan kashe tsami, irin su ruwan soda, kaɗan-kaɗan, ana gwadawa da 'yar takardar gwaji mai sauya launi har ta nuna kore-kore. Na biyu, ba ta shiri da gishiri ko kaɗan. Ki barbaɗa gishiri a jel mai kauri, a gaban idonki zai koma ruwa. Ki riƙe wannan, Mama, domin a nan maganar take.

Na uku: taron koyarwa.

A watan Satumba ke kika aiko a kira ni in koya wa matan ƙungiya haɗa sabulun ruwa da jel a zauren majami'a. Matata Laraba ta ce kada in je, wai mutum ba ya koya wa masu sayen kayansa yadda za su daina saye. Na ce mata wanda ya iya abu ba ya tsoron koyar da shi. Na je, ban karɓi ko kuɗin mashin ba.

Na rubuta darasin da hannuna a takarda guda, gaba da baya. A gaba akwai yadda ake sabulun ruwa, da jerin kayan jel. A wurin sabulu na rubuta cewa in bai yi kauri ba a ƙara ɗan gishiri, domin a irin sabulun da na koyar haka ne. A bayan takardar na rubuta yadda ake haɗa jel, da gargaɗi uku da manyan baƙaƙe: kada a sa gishiri, kada a auna soda da ido ko da murfin kwalba, kada a sayar sai an gwada da takardar gwaji. Na ba sakatariyarku ta kai a yi fotokwafi.

Mun fara a makare saboda addu'a da jawabai. Sabulu ya cinye rana. Da muka zo kan jel hadari ya haɗu, matan Manchok da na Gidan Waya suka tashi don kada su rasa mota. Na ɗaga murya na ce kada su damu, komai yana cikin takarda. Da bakina na faɗa.

Mai fotokwafi bai juya takardar ba. Sakatariya ba ta duba ba. Ke ba ki duba ba. Ni ma, da nake ji da kaina, ban karɓi ko guda na juya ba. Mata sun fi sittin suka tafi gida da takarda mai farin baya, wadda ta ce musu gishiri yana kawo kauri, ba ta kuma ce musu komai a kan jel ba sai sunayen kayan haɗi.

Na huɗu: abin da ya ƙone Malama Saratu.

Kwana biyu bayan saƙonki ni da Laraba muka je gaishe ta. Malamar firamare ce, mace mai kirki, ba ta kore mu ba. Ta zame ɗankwali. Mama, na ga abin da ban so gani ba. Daga kunne zuwa kunne gaban kan ya saɓule, saura kwana huɗu auren 'yarta. Laraba ta yi kuka. Malama ta ɗauko robar da aka ba ta a salun bayan an gyara mata kai. Tsanina ne a jiki, ba musu. Amma murfin fari ne, ni kuwa tun Ista ta bara na koma shuɗin murfi. Na tsoma takardar gwaji. Ba ta tsaya a kore ba, ta wuce shuɗi ta koma kamar ruwan zobo mai duhu. Irin wannan launi ba na ganinsa sai a man sakin gashi, wanda ku da kanku kun sani minti kaɗan yake yi a kai a wanke. Wannan kuwa ya kwana ya wuni a goshinta.

Ban nemi mai salun ɗin ba, ita ta zo da ƙafarta bayan Kirsimeti. Ba zan rubuta sunanta ba. Gwauruwa ce mai 'ya'ya huɗu, kuma kin san ta, a layi na biyu take zama a taronku. Ta durƙusa a tsakar gidana ta faɗi komai. Ta sayo kaboma ta jiƙa, ba ta ga kauri ba. Ta duba takarda, takarda ta ce gishiri. Ta zuba, abin ya ƙara tsinkewa. Ta tuna ta ji ana cewa soda na tayar da jel, ta ɗebo sodar sabulu da murfin kwalba, ɗaya, biyu, uku. Bai tashi ba. Don kada kayanta su tafi a banza ta dama sitacin rogo ta zuba. Sitaci da soda kuwa nan take suke kamawa. Ta samu kauri. Ta ɗura a tsofaffin robobina da ta tara, domin a garin nan babu macen da ke yar da roba mai murfi. Ta kifa robar, bai zubo ba, ta ce ta iya.

Wannan kifa robar ma laifina ne. Ni na koya wa kasuwa shi. Lokacin da nake neman masu saye, nakan tsaya a bakin salun in buɗe murfi in kifa robar a kan tafin hannuna in ce a duba, na gaskiya ba ya zuba. Na mai da kauri shaidar kyau. Yau ko guba ce, in ta tsaya a roba, matanmu za su ce mai kyau ce.

Ta nuna mini takardarta. Na juya. Fari fat. A ranar na zauna a ƙasa.

Ta roƙe ni kada in tona ta, na yi alkawari. Amma na ce ta je ta faɗa miki a ɓoye, kuma ta tabbatar mini ta je, a makon farko na sabuwar shekara. Ta ce kin ce ta yi shiru, magana ta riga ta wuce, tayar da ita zai ɓata sunan ƙungiya. In ƙarya ta yi miki, ki fito ki ce ƙarya ne, zan nemi gafararki a gaban ikilisiya. In kuwa gaskiya ne, to wata huɗu ke nan kin san ba kaboma ba ce, ba kuma ni ba ne.

Na biyar: inda nake yanzu.

Salun arba'in da uku nake kai wa kaya. Yau babu ko ɗaya. Waɗanda na bar wa kaya sun dawo mini da su a buhu, wasu ba su ma iya kallon idona ba, 'yan acaɓa suka aiko. Na kai Manchok ranar kasuwa na shimfiɗa a ƙasa kamar sabon shiga, wata ta ɗaga ta ga tsani ta ajiye ta goge hannu a zani. Yara a unguwa suna kirana Baba Roba. A majami'a an karɓe mini aikin sayo sabulun wanke hannu, aka ce wai don in huta.

Laraba tana cikin mawaƙan majami'a. Kowace Lahadi takan kwantar da gashinta da Mai Tsani, ta ɗaura ɗankwali can baya yadda kowa zai ga goshinta, ta tsaya a layin gaba. Ban sa ta ba. Wata biyar tana yi. Babu gashi ɗaya da ya zube. Abin da matan suka ce shi ne, ai dole, ita yana haɗa mata na daban. Ran da ta dawo ta faɗa mini wannan, na san ko na sha jel ɗin a tsakiyar kasuwa ba zai canja komai ba.

Buhun kaboma ɗaya ya rage mini. Garin kaboma yana jan danshi, ga damina ta sauka, kin san ruwan Kafanchan. Na naɗe shi da leda uku, duk da haka shekaranjiya da na taɓa na ji ya fara dunƙulewa. Kafin Agusta zai zama dutse. Ba zan sayi wani ba. Tsohon maigidana na fenti ya ce in ina so in koma, akwai aiki a Kaduna. Shekarata hamsin da biyu, gwiwata ba ta son hawa, amma tsanin yana nan a bayan ɗaki, na riga na sa an gyara masa ƙafa.

Ga roƙona, Ranki ya daɗe.

Da farko na yi niyyar in roƙi ki yi wani saƙon murya ki wanke ni. Na rubuta, na soke. Na san ba za ki yi ba, kuma ko kin yi, saƙon wankewa ba ya gudu kamar na ɓatawa. Waɗanda suka tura na farko ba za su tura na biyu ba. Na kuma so in roƙi a bar ni in zo taronku na ranar Alhamis da ruwa da kaboma da gishiri da takardar gwaji, in haɗa a gaban kowa, minti ashirin kawai. Wannan ma na san amsarsa, tunda ko falonki ban samu shiga ba. In Ubangiji ya taɓa zuciyarki, ina nan har ƙarshen Yuli. Ba na sa rai.

Ki je ki ga Malama Saratu da sunan ƙungiya. Gashin gefen hagu bai dawo ba, kuma har yau ba wanda ya gaya mata gaskiyar abin da ya same ta. Ni alkawari ya ɗaure mini baki a kan suna, ke babu abin da ya ɗaure ki.

Na ƙarshe shi ne wanda ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu. Kin hana Mai Tsani, amma ba ki karɓe takardun nan ba. Suna nan a jakunkunan mata fiye da sittin. Tunda babu nawa, na kanti kuma ya yi tsada, da yawa sun koma haɗa nasu. Makon jiya a Gidan Waya na ga jel a robar da ba ta da suna, a salun da ɗalibai mata ke cika. Na roƙi mai wurin ta bar ni in tsoma takardar gwaji, ta ce in fita kafin ta tara mini jama'a. Ban san me ke cikin robar ba. Ita ma ba ta sani ba. Ta dai kifa, bai zubo ba.

Na sake rubuta shafi na biyu da hannuna, na yi fotokwafi ɗari, na tsaya a kan mai injin har ya gama. Na haɗa da ƙunshin takardar gwaji da ya rage mini, tunda ba ni da sauran amfani da shi. Laraba za ta ajiye su a bakin ƙofarki, inda kike ajiye takalma. Ki raba wa mata ranar Alhamis. Ba sai kin ce kin yi kuskure ba, ba sai kin ce daga ina suka fito ba.

A saman takardar farko na rubuta sunana da manyan baƙaƙe, har na zana ɗan tsani a gefe, domin a lokacin ina so kowa ya san wanda ya koyar. A wannan ban sa ba. Na san in suka ga sunana ba za su karanta ba. Ki sa naki, ko na ƙungiya, ko ki bar wurin fari. Su dai karanta layin gishiri da layin soda.

Ubangiji ya ba ki lafiya da tsawon rai, ya tsare kan 'ya'yanki da jikokinki daga abin da ya sami Malama Saratu, ya kuma ba ki shugabanci mai sauƙin lissafi a gabansa. Ni na gama nawa.

Wassalam.

Naki cikin girmamawa,
Danladi, wanda dā ake kira Mai Tsani,
Kafanchan.